Ma'aunin PASE na motsa jikin dattijai

PASE jerin tambayoyi ne da ake auna yawan motsa jikin 'yan shekara 65 zuwa sama da shi. Richard Washburn da abokan aikinsa na Cibiyar Bincike ta New England a Amurka ne suka tsara shi, aka wallafa shi a 1993. Ba a ɗaura wa kowa na'ura. Dattijon ne zai faɗi abin da ya yi cikin kwana bakwai da suka wuce, ko dai ya cike takarda, ko a tambaye shi ta waya ko baki da baki.

Yawancin tambayoyin da ake da su kafin nan matasa aka yi wa, gudu da wasanni suke tambaya. Shi kuwa tsoho motsinsa a warwatse yake cikin yini: tattaki, shara, wanki, renon jika. Saboda haka PASE ya kasu uku, akwai motsa jiki na lokacin hutu, da ayyukan gida, da aikin albashi ko na sa-kai. A sashen farko ana tambayar sau nawa aka yi abu a mako: ba a yi ba ko kaɗan, kwana 1 zuwa 2, kwana 3 zuwa 4, ko kwana 5 zuwa 7. Sai tsawon lokaci, daga ƙasa da awa ɗaya har sama da awa huɗu. Ayyukan gida kuwa amsarsu e ko a'a ce kawai. Kowane aiki da makinsa, jimillar kan tashi daga sifili zuwa 400 ko fiye.

Arha da sauƙi ne suka sa aka karɓe shi, domin cikin 'yan mintoci an gama. Rauninsa kuma daga inda ƙarfinsa yake ya fito, wato dogaro da tunanin mai amsa. Mutum ya fi riƙe ranar da ya sha wahala, ƙananan kai-komo kuma su shige masa. Wasu kan ƙara gishiri don kada a ce sun zama ragwaye. Tattakin minti goma da na minti hamsin duk gida ɗaya suke faɗawa, tun da duka ba su kai awa ba. Shi ya sa idan aka gwada sakamakonsa da na ƙaramar na'urar auna motsi da ake ɗaurawa a ƙugu, daidaituwar ba ta cika wuce matsakaiciya ba. Ya fi amfani wajen kwatanta jama'a masu yawa, a kan yanke wa mutum ɗaya hukunci.

Misalan da ke cikinsa na rayuwar Amurka ne, kamar wasan golf da kwashe dusar ƙanƙara daga tsakar gida. Tsohuwar da ke daka da ɗebo ruwa, ko dattijon da ke takawa masallaci sau biyar a rana, sai an sauya misalan kafin a kama motsinsu. Irin wannan aiki Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka yi wa wani ma'aunin, IPAQ, inda suka wallafa gajeren samfurinsa na Hausa a 2011. Sai dai shi IPAQ 'yan shekara 15 zuwa 69 aka tsara wa.