Ma'anar "filin yumɓu" da ake ta faɗa, da yumɓun da ke bayan gidanka

Duk shekara, da zarar an fara gasar tanis ta Faransa a ƙarshen watan Mayu, sai kalmar ta dawo bakin masu labarin wasanni: filin yumɓu. Wani ya ce filin laka, wani ma har ya ce filin taɓo. Ana kiran Rafael Nadal sarkin filin yumɓu, kuma ya ci sunan, don kofi 14 ya ɗauka a Roland Garros, wato ita gasar ta Faransa, daga 2005 zuwa 2022. Yanzu kalmar ta baro rediyo ta shigo unguwannin Abuja, inda ake yayin yin ɗan filin wasa a bayan gida, na tanis ko na ƙwallon kwando.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutane sun ɗauki sunan yadda suka ji shi, har suna zuba kuɗi a kansa. Wani maƙwabcina a Lokogoma ya ja ni bayan gidansa ya nuna mini fili, yana murna. Ya ce, "Malam, ni ai Allah ya hutar da ni. Ƙasar nan yumɓu ce zalla, irin ta Faransa. Baje ta kawai za a yi a ja layi." Na ce, "Alhaji, wanda ke Faransa ba wannan ba ne."

Jan abin nan da ake gani a talabijin garin jan bulo ne da aka niƙa, kuma kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, kamar an barbaɗa yaji a kan tsire. A ƙarƙashinsa akwai niƙaƙƙen farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi, wajen santimita 7, sai ragowar ƙonannen kwal, sai tsakuwa mai kauri, can ƙasa kuma magudanar ruwa. An tsara shi hawa-hawa ne don ruwa ya bi ya wuce.

To me ya sa ake ce masa yumɓu? Saboda da yumɓu ake yin bulon. Amma ya shiga wuta, kuma nan ne duk maganar take. Matan da ke ginin tukwane a Ushafa sun fi kowa sanin wannan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, da yumɓun yankin nan ta yi suna har ƙasashen waje. Ka ɗauki randar da aka gina yau, ba a gasa ta ba, ka bar ta a tsakar gida ruwa ya sauka a kanta: kafin gari ya waye ta zube ta koma laka. Wadda aka gasa kuwa sai ta shekara ashirin da ruwa a cikinta, tana sanyaya shi, ba ta kumbura ba ta narke. Ƙasa ɗaya ce, wuta ta raba su har abada. Na filin Nadal gasasshe ne. Na bayan gidan Alhaji ɗanye ne shar.

Shi ɗanyen yumɓu numfashi yake yi da damina da rani. Daga Afrilu zuwa Oktoba yana shan ruwa ya kumbura, ya riƙe ruwan ya ƙi saki, har ya ƙwace maka silifa idan ka taka. Hunturu na shigowa sai ya bushe ya motse, ya dare tsaga-tsaga har yatsa na shiga. Duk abin da aka ɗora masa sai ya bi shi sama da ƙasa. Alhaji ya fasa maganar baje ƙasa, amma birkilan da ya samu ya zuba masa kankare kai tsaye a kan yumɓun. Damina ɗaya ya yi ya tsage. Na ga tsagar da idona, ta ratsa daga ƙarƙashin kwandon jefa ƙwallo har bakin katanga, ruwa ya kwanta a kusurwa ya yi gansakuka. Idan yaran suka buga ƙwallo a wani wurin sai ka ji sauti kamar ganga, alamar ƙasa ta janye ta bar rami a ƙarƙashin simintin. Na ji zafin abin, don saboda 'ya'yansa ya yi, kada su riƙa yawo a titi.

Akwai kuma masu ɗaukar yumɓu da jar ƙasar da ake ciko da ita, ta marmara, abu ɗaya ne, don kawai launinsu ya yi kama. Gwajin ba wuya. Jiƙa ɗan kaɗan ka murza a tafin hannu. In ya miƙe kamar taliya bai karye ba, yana sheƙi yana manne wa yatsu, yumɓu ne. In kana jin tsakuwa-tsakuwa yana wargajewa, wannan ya fi dacewa da ciko.

Mai ƙasar yumɓu, aikinsa a ƙasa yake kafin a zo maganar fenti da raga. A kwashe ta sama, a yi ciko da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa da inji, a zuba tsakuwa, a shimfiɗa leda, a ɗaure rodi, sannan kankare kamar santimita 10. A karkata filin kaɗan, santimita 1 a kowace mita, ruwa ya gangara kwata nesa da ginin gida, kada a tura wa maƙwabci. A yi ta ba kankaren ruwa aƙalla mako guda.

Ni dai da masu labarin wasanni za su ji tawa, da sun riƙa cewa filin garin jan bulo. Wanda kuma ya nace sai irin na Faransa sak, ya san kullum sai an yayyafa masa ruwa an share an baje garin, in ba haka ba iskar hunturun Abuja za ta kwashe shi ta watsa a kan shanyar maƙwabta.