Abin tare zafi a ƙarƙashin rufi: shin yana dafa kwano?

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, kafin damina ta kankama, duk mai kwana a ɗakin kwano a Rigasa, Tudun Wada ko Hayin Banki a Kaduna ya san yadda abin yake. Ƙarfe uku na rana fanka tana juyawa, amma iskar da take turowa kamar daga bakin murhu. Jariri ya cika da ƙurajen zafi, tsohuwa na ta fifita da mafici, da dare kuma kowa ya ja tabarma tsakar gida ya miƙa kansa ga sauro. A waɗannan watanni zafin Kaduna kan haura digiri 35, amma kwanon da rana ke dukansa kai tsaye yana iya kaiwa digiri 65 zuwa 75, musamman mai duhun launi ko wanda ya yi tsatsa. Wannan zafin ne yake saukowa kan mutanen ɗaki, kuma ya fi cutar da jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon suga.

Maganin da aka sani shi ne a sa abin tare zafi tsakanin kwano da ɗaki. Sai dai da zarar an kawo maganar, za ka ji kafinta ya ce wa maigida: "Alhaji, in ka tare zafin nan, ai kwanon zai dahu, ba zai yi ƙarko ba." Maganar tana da ɗan tushe, amma an zuzuta ta.

Kwano yana ɗaukar zafi daga rana, yana kuma zubar da shi ta hanya biyu: ta sama, inda iska ke kwashewa, da ta ƙasa, zuwa cikin silin. Mafi yawansa ta sama yake fita, domin can iska take kaɗawa. In aka toshe hanyar ƙasa, kwanon zai ɗan ƙara zafi, gaskiya ne. An auna wannan a jihar Florida ta Amurka, inda rana ke da ƙarfi kuma yawancin gidaje rufin shingul na kwalta ne, aka ga ƙarin digiri kaɗan ne kawai a tsakar rana. Bambancin da ke tsakanin baƙin rufi da farin rufi ya ninka wannan sau da yawa, don yana iya kaiwa digiri 20 ko fiye. Mutumin da ya zaɓi baƙin rufi ko mai ruwan ƙasa don ado ya riga ya ƙara wa rufinsa zafin da ya fi wanda kafinta ke tsoro.

A kuma lura da irin rufin. Shingul na kwalta, wanda ake bugawa a kan falanki, shi ne zafi ke tsufar da shi, ya bushe ya tsattsage, kuma wasu kamfanoni ba sa tsaya wa garantinsu in ba a bar hanyar iska a ƙarƙashinsa ba. Wanda ya saye shi ya karanta takardar kafin a fara aiki. Amma abin da yawancin mutanen Kaduna ke kira shingul, mai tsakuwa a jiki, ƙarfe ne aka lulluɓe. Shi da kwanon zinki da na alminiyam ba abin da ƙarin digiri uku ko huɗu zai yi musu. Alminiyam sai zafi ya kai digiri 660 yake narkewa.

Abin da zafi ke yi wa kwano shi ne miƙewa da tsukewa. Dogon kwanon alminiyam mai mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yana ƙara tsawo kusan milimita 9. Na ƙarfe kusan rabin haka. Ƙarar nan da ake ji, tas-tas, in gajimare ya rufe rana, ita ke nan. Kullum ana wannan kai da komo, ramin ƙusa ya buɗe, da ruwan farko ya sauka sai yoyo. Wannan yana faruwa ko an sa abin tare zafi ko ba a sa ba, kuma maganinsa ƙusa ko sukuru mai washar roba, a buga a kan tudun kwano, kada a matse har robar ta fashe.

To a ina za a sa abin? Gidan da ke da silin, a shimfiɗa shi a kan silin ɗin, a bar sararin da ke tsakaninsa da kwano yana shan iska. Wannan ya fi arha, kuma kusan ba ya ƙara wa kwano zafi. Audugar gilashi, wato abin tare zafi mai kama da auduga da ake yi da zaren gilashi, mai kaurin santimita 5 tana aiki, mai 10 ta fi. A jera ta gefe da gefe ba tare da giɓi ba, kuma kada a danne ta, domin iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. In ta lotse ko ta jiƙe, kuɗi sun tafi.

Inda babu silin, kamar shago, aji, makarantar allo ko ɗakin kaji, sai a bi jikin rufin. A nan takardar alminiyam mai ƙyalli, wadda ake kira foyil, ta fi sauƙin samu. Tana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na zafin da kwano ke feshowa, amma da sharaɗi ɗaya wanda aka fi karyawa: dole gefen mai ƙyalli ya fuskanci sarari, aƙalla santimita 2 da rabi, wato inci 1. In aka manna shi tsakanin kwano da falanki ba sarari ko ta ina, zafi zai bi jikinsa ya wuce, an yi aikin banza. Sannan ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce. Foyil ɗin da ƙyallinsa ke kallon sama, ƙura ta kwanta a kai, ƙarfinsa yana raguwa shekara bayan shekara. A sa mai ƙyallin ya kalli ƙasa, ko a sayi mai fuska biyu. A ɗora gefen wani kan wani kamar santimita 10, a liƙe da tef ɗin alminiyam, a bar shi ya ɗan yi ciki tsakanin katakai domin ruwan da ya ɗigo ya gangara waje.

Maganar iska ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yanzu ana rufe bakin rufi ruf da PVC don kyau, zafi ya rasa mafita. Ma'aunin da magina ke amfani da shi shi ne 1 cikin 150 na faɗin silin. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana da murabba'in ƙafa 144, ke nan yana buƙatar ƙofar iska kusan murabba'in ƙafa 1: rabi a ƙasa, wajen bakin rufi, rabi a sama, kusa da ƙololuwa ko a jikin bangon gefe. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Kowace ƙofa a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu saboda jemagu da ɓeraye, domin ɓera na yaɗa zazzaɓin Lassa, kuma audugar gilashi gado ce mai laushi a wurinsa. Raga tana rage faɗin ƙofar, don haka a ɗan ƙara girmanta. Mai shimfiɗa auduga kuma ya kula kada ya tura ta har ta toshe ƙofofin ƙasa.

Akwai kuma gumin kwano. Da asuba a damina kwano yakan yi sanyi, laimar iska ta taru a ƙarƙashinsa ta ɗigo. Mutane su ga tabo a silin su ce yoyo ne, a hau a yi ta neman rami. In aka manna auduga a jikin kwano ba tare da foyil ko leda mai hana laima ta ɓangaren ɗaki ba, za ta sha wannan ruwan, kwano ya yi tsatsa daga ciki, katako ya ruɓe, silin ya yi funfuna, mai asma ya shiga uku. Wannan ne ainihin abin da ke kashe rufi da wuri, ba ƙarin digiri uku ba.

Farin soson nan da ke zuwa a kwalin firji yana tare zafi, amma yana kama wuta da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne. Kada a bar shi tsirara a cikin ɗaki, kada a kusantar da shi ga kwan lantarki mai zafi ko bututun hayaƙi. Kafin a shimfiɗa komai, mai gyaran wuta ya duba wayoyin cikin silin, ya zura su a bututu, ya gyara duk inda aka haɗa da baƙin tef kawai. Foyil yana ɗaukar lantarki, don haka a kashe babban makunni kafin a fara, kuma a kula da inda ake buga ƙusa.

Masu aikin su hau da sanyin safiya, su sauko kafin ƙarfe 10, domin cikin silin yana iya wuce digiri 50 da rana. Takunkumi, safar hannu, tabarau da riga mai dogon hannu dole ne ga mai taɓa audugar gilashi. A taka katako, kada a taka silin. In tsohon silin na asbestos ne, kada a yanka, kada a huda, kada a share ƙurarsa a bushe, saboda tana jawo cutar huhu da ba ta warkewa. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya sauko nan take, ya zauna a inuwa, ya sha ruwa ko ruwan gishiri da sukari. In ya fara ruɗewa ko ya suma, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi ta fifita, a garzaya da shi asibiti.

Wanda aljihunsa bai kai ga auduga ko foyil ba, ya fara da farin fenti. A wanke kwanon, a kankare tsatsa da burushin ƙarfe, a shafa fentin hana tsatsa, sannan farin fentin rufi sau biyu, a bar na farko ya bushe. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai damina ɗaya ke wanke ta, dole a sake kowace shekara. Lokacin aikin shi ne Janairu ko Fabrairu, kwano a bushe, kuma bayan hunturu ya wuce a watsa masa ruwa a wanke ƙurar da ta dusashe farin.