Ragar kaya: amsoshin da na gaji da maimaitawa a tashar Tawa

Ni mai sayar da raga ne da igiya da tamfal a bakin tasha nan Tawa, kafin nan kuma lodin albasa na yi har bayana ya ce ya isa. Tambayoyin da ake yi mini kullum su ke nan. Wanda ya sake kawo ɗaya daga cikinsu, waya zan miƙa masa ya karanta.

Raga kaɗai ta isa ta riƙe lodi?

Ba ta isa ba. Aikinta ta tattara kaya wuri ɗaya, kada buhu ya zame ko kwali ya tashi. Nauyi kuwa na bel ne da sarƙa da jikin bodi. Ƙa'idar Turai ta ɗaurin kaya, EN 12195-1, ta ce ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin lodi ta gaba, da rabin nauyin lodin ta gefe da ta baya. Wato in ka ɗauko ton 10 ka taka burki da ƙarfi, kamar ton 8 ne ke neman kan direba. Sai ka ce mini ragar da yaro ke ɗauka a kafaɗa za ta tare wannan?

Ina da tamfal, me zan yi da raga?

In siminti ka ɗauko, rufe da tamfal. In albasar Galmi ce za ta Kwatano ko Abijan, ka lulluɓe ta ruf cikin zafin Afrilu, to dafa ta kake yi. Albasa iska take so. Raga a sama, tamfal a naɗe kusa, sai hadari ya haɗo.

Ragar masuntan Tabalak fa? Ta fi araha.

Ta kifi ce. Bar wa kifi.

Ragata ta shekara biyu, ko yagewa ba ta yi ba. In ci gaba da ita?

To, a nan sai a zauna. Ba zan ce maka eh ko a'a ba sai na taɓa ta da hannuna, ko na taɓa ma ina iya kuskure. Abin da ke cin raga a ƙasar nan rana ce, nauyi na biye. Zaren roba ne, kuma hasken rana na ƙona shi a hankali tun ido bai gani ba. Ragar da ta yi shekara biyu tana kwana a buhu cikin ɗaki, da wadda ta yi wata shida shimfiɗe a kan kamiyo tsakanin Abalak da Agadas, ta farkon na iya fin ta biyun lafiya. Shi ya sa ƙirga shekaru ba ya gaya maka komai.

Ga yadda nake yi in an kawo mini. Na fara duba launi: koriyar da ta koma fari-fari ta sha rana. Sai in murza zare tsakanin yatsu, in ya bar mini gari kamar na tsaba, ko ya yi tauri yana ƙas-ƙas, ta mutu ko da ta yi kyan gani. Daga nan in bi igiyar gefe taku-taku, musamman inda take gogar kusurwar bodi da wajen ƙugiya, don can take fara tsinkewa, tsakiya na lafiya lau. Yashin hunturu ma yana shiga cikin zaren ya riƙa yanka shi ta ciki. In ruwan batir ya taɓa zuba mata, kar ma ka kawo ta.

In ta tsallake duk wannan, mai yiwuwa ta ƙara yi maka aiki a kan katifu, robobi ko ciyawa, tafiyar kusa kamar Tawa zuwa Ƙonni. Mai yiwuwa na ce. Doguwar hanya da kaya masu tsini, ban yarda ba. Kuma kwantar da hankalinka, Alhaji, ba asara ka yi ba: tsohuwar raga na rufe garken awaki, tana tare kaji daga lambu.

In ta yage waje ɗaya, in ƙulla?

Ido ɗaya ko biyu, a ɗinke da zare irin nata. Da waya ko tsumma kuwa, a'a. Bel dai ba a ƙulla shi sam, ƙulli yana rage masa ƙarfi.

Maginana za su hau bene. In shimfiɗa musu ragar kayan a ƙasa?

Haba, maigida! Ɗan mutum za ka tara da ragar albasa? Ragar tare mutum daban take, ana yin ta a kan ƙa'idar EN 1263, tana zuwa da lamba da ranar da aka yi ta a jiki, da wasu 'yan guntaye da ake cirewa duk shekara a gwada ƙarfinsu. Idonta ba ya wuce santimita 10. Ana ɗaura ta kusa da ƙafar mai aiki iyakar iyawa, kuma faɗuwar kada ta wuce mita 6 ko ta halin ƙaƙa. Ƙarƙashinta a bar fili, domin in mutum ya faɗa tana lotsawa sosai. In akwai tarin bulo ko rodi a tsaye, raga ta kai shi kansu ke nan. Koriyar nan mai ƙananan ido da kuke gani a jikin benaye a Yamai, ƙura da tsakuwa take tarewa, ba ta ɗaukar mutum.

Karen mota zai iya zama a kan ragar in muna tafiya?

Ɗanka ne za ka ɗora shi can? Ka ba shi wuri a gaba.

Sau nawa zan tsaya in duba?

Tun ba ka yi nisa da gari ba, tsaya ka sake ja, don buhuna na zama da zarar mota ta fara girgiza, ɗauri ya saki. Bayan nan duk inda kuka tsaya sallah, zagaya motar ka ja kowace ƙugiya kafin ka nemi mai shayi.