Dokar safarar baƙin haure ta Nijar: wa ta kama, me ya rage bayan soke ta?

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Wannan masifa, da matsin lambar Tarayyar Turai, su suka share fagen doka mai lamba 2015-36 da Nijar ta kafa a watan Mayun 2015, zamanin Mahamadou Issoufou.

Dokar ba matafiyi ta nufa ba. Wanda ta nufa shi ne mai karɓar kuɗi ya tsallakar da mutum iyaka ba bisa ƙa'ida ba: direba, ɗan kamasho, mai gidan da ake ɓoye baƙi, mai buga takardun jabu. Hukuncin mai tsallakar da mutum ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5, a kuma ƙwace mota.

Wajen aiwatarwa ne aka yi ɓarna. Tun daga 2016 aka riƙa kama direbobi a arewacin Agadas, ɗaruruwan kilomita kafin iyakar Libiya, alhali fasinjojinsu 'yan ƙasashen ECOWAS ne da yarjejeniyar 1979 ta ba izinin shiga Nijar ba biza. A da, ran Litinin motocin Hilux ke fita a jere da rakiyar soja, mutane cunkushe a baya, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Da aka hana, tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi suka koma fita da dare, suna kauce wa garin Dirku da sanannun rijiyoyi, kuɗin mota ya tashi. Wani in ya hango jami'an tsaro sai ya zubar da fasinja a tsakiyar hamadar Tenere ya tsere. A ganina dokar da aka yi da sunan ceton rai bai kamata ta kori mutane daga bakin rijiya ba.

A watan Nuwamban 2023 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya soke dokar, aka kuma shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta.

Sai dai kada a ruɗe. Fataucin mutane, wato yaudarar mutum ko tilasta masa don a bautar da shi, ko a sa shi karuwanci ko bara, har gobe laifi ne a Nijar ƙarƙashin dokar 2010. Kuma sokewar ba ta shafi dokar Libiya ko ta Aljeriya ba: wanda ya shiga ba takarda, kamu da tsarewa na jiransa, ko a kwaso shi a jibge kusa da Assamaka, garin Nijar da ke kan iyakar Aljeriya, ya ƙarasa da ƙafa.