Ƙin tashin mota bayan gyara

Ƙin tashin mota bayan gyara shi ne a kai mota gareji saboda wata larura, a gama aiki, a murɗa makulli ta ƙi tashi. Direbobi da makanikai Hausawa na Jidda da Makka sun saba cin karo da ita a unguwannin gareji na Sana'iyya. Abin da ya bambanta ta da sauran ƙin tashi shi ne tana da inda ake fara nema, wato wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe. Ba kasafai sabuwar matsala kan faɗo daidai ranar da aka buɗe bonet ba. Galibi soket ne aka manta ba a mayar ba, ko noti bai ɗauru ba. Makaniken da ya tsallake wannan ya hau canza kaya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin mai mota kawai yake ƙonawa.

Idan injin bai juya ba

Kunne ke fara bincike. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod na lumshewa, wuta ce ba ta isa kik ba. Cikakken batir yakan nuna kusan volt 12.6 mota na kashe, in kuwa ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake kik, ya gaji. Zafin Makka, da kan wuce digiri 40 a bazara, yana rage wa batir kwana, sai zaman gareji da ƙofa a buɗe da yawan gwaji su ƙarasa shi. Amma kafin a zargi batir, a kama kansa a murɗa. Ana cire shi kafin aiki, sau da yawa kuma a ɗora shi da hannu kawai. In kan batir ɗin ya juya a hannu, to an gano. Haka wayar at (earth) mai haɗa injin da bodi, wadda ake yawan mantawa bayan an sauke giya. Motar otomatik ba ta yin kik sai tana P ko N, don haka in ta ƙi a P ta tashi a N, saitin giyar ne ya goce.

Idan yana juyawa amma bai kama ba

Nan aikin ya fi yawa, domin injin fetur yana son mai, da tartsatsin fulogi, da matsin iska, kuma su haɗu a kan lokaci. Da an buɗe makulli, a yawancin motoci famfon mai yakan yi ɗan gunji na daƙiƙa biyu zuwa uku daga wajen tanki. In shiru ne, a duba fiyus da rile da soket ɗin famfon. Motar dizal irin Hiace ko Hilux da aka canza wa filta, iska ce kan shiga layin mai, sai an yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kan filtar har ya yi tauri.

Sansan kiranshaf shi ke gaya wa kwamfutar mota cewa injin na juyawa. In soket ɗinsa na lilo, ba mai ba tartsatsi. Na'urar bincike ta OBD-II, da ake sokawa a soket mai fil 16 ƙarƙashin sitiyari, kan nuna lamba P0335, ko P0340 in na kamshaf ne. Lambar layin take nunawa gaba ɗaya, ba ta ce sansan ya mutu ba, kuma an sha sayen sabo alhali waya ce ta tsinke. A tsofaffin motoci masu wayoyin fulogi, jerin da aka saba a injin silinda huɗu shi ne 1-3-4-2. In an sauya biyu, sai tari da harbi ta salansa. Wankin injin ma kan tara ruwa a ramin fulogi.

Mafi haɗari shi ne taimin, wato daidaita motsin fistin da buɗewar bawul. In an canza bel ko ceni aka kuskure alama, injin kan juya da sauri, sautinsa sakayau, ba nauyi. A nan sai a saki makulli, domin a injuna da yawa fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, ƙaramin aiki ya koma sauke kan injin. Shi ya sa ƙwararru kan juya injin da sifana zagaye biyu, su sake duba alamomin, kafin su taɓa kik.

Akwai kuma makullin tsaro. Kwamfutar da aka sayo ta hannu daga tashlihi, wato wurin sayar da kayan rusassun motoci, ba ta san makullin motar ba, sai fitila mai hoton makulli ta yi ta ƙiftawa, injin ya ƙi kamawa ko ya kama ya mutu nan take. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne da na'urar saiti, turi ba ya maganinsa.

Ba a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, sai a bar shi ya huce, in ba haka ba ya ƙone a ƙara wani gyaran a kan na farko.