Waiwaye: Shekaru biyun da aka yi ana hasashen ƙarshen Harry Potter

Ranar 16 ga Yuli, 2005 littafi na shida na Harry Potter ya fito, ya bar masu karatu da baki buɗe. Snape, ɗaya daga cikin malaman Harry, ya kashe Dumbledore, shugaban makarantarsu ta koyon sihiri, a saman hasumiyar makaranta, sarƙar wuyan da tsohon ya sha guba don a ɗauko ta kuma ashe ta bogi ce. A cikinta sai wata 'yar takarda da wani ya sa wa hannu da haruffa uku: R.A.B. Saura littafi ɗaya tal, kuma sai da aka yi shekara biyu cur ana jiransa. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kashi na ƙarshe na littafin da ya kama masa rai ya san irin wannan ƙishirwa.

Maganar R.A.B. ce ta fi burge ni, domin a nan aka ga ƙwazon masu karatu. Ba a daɗe ba suka koma littafi na biyar, suka tono sunan Regulus Black, ƙanen Sirius aminin mahaifin Harry, wanda aka ambata a gurguje a jikin zanen asalin gidansu. A littafin dai, ana cikin sharar gidan, an tsinci wata sarƙa mai nauyi da kowa ya kasa buɗewa, jimla guda a tsakiyar tarkace. Sai hujja ta zo daga inda ba a zata ba, wato masu fassara. A harshen Holand an mai da sunan gidan Black ya zama Zwarts, sai ga takardar ɗauke da R.A.Z. A Norwe, inda ake ce musu Svaart, ta zama R.A.S., a Finland kuwa Musta ne, sai R.A.M. Yara da manya daga ƙasashe daban-daban suka riƙa gwada kwafinsu da na juna, suka warware sirrin tun kafin marubuciyar, J. K. Rowling, ta kammala rubutu.

Batun Snape shi ne ya raba kan jama'a gida biyu. Wasu suka ce maci amana ne, magana ta ƙare. Wasu suka ce a'a, roƙon da Dumbledore ya yi masa kafin ya mutu roƙo ne na ya cika alkawarin da ke tsakaninsu. Har shagunan littattafai na Borders a Amurka suka riƙa raba takardun liƙawa iri biyu, kowa ya zaɓi ɓangarensa. Akwai kuma waɗanda suka dage Dumbledore bai mutu ba sam, sai da Rowling da bakinta ta tabbatar da mutuwarsa a wani taro a birnin New York a watan Agusta 2006.

A wannan taron ne marubuta Stephen King da John Irving suka nuna fatansu kada a kashe Harry. Fargabar tana da tushe: a watan Yuni na shekarar ta faɗa a wani shirin talabijin na Birtaniya cewa mutum biyu da ba ta yi niyyar kashewa ba sun mutu, wani ɗaya kuma ya tsira. Ga kuma ra'ayin da ya yaɗu cewa tabon goshin yaron alama ce ta wani yanki na ran Voldemort, babban abokin gabarsa, da ya maƙale a jikinsa. In haka ne, ta yaya mugun zai mutu yaron yana raye?

An bayyana sunan littafin, Harry Potter and the Deathly Hallows, ranar 21 ga Disamba, 2006, Rowling kuma ta aje alƙalami ranar 11 ga Janairu, 2007 a otal ɗin Balmoral da ke Edinbura. Ana saura kwanaki ya fito, hotunan shafukansa suka ɓulla a intanet. Da yawa daga cikin mutanen da suka shekara biyu suna neman amsa ido rufe, su ne suka ƙaurace wa kwamfuta don kada wani ya ɓata musu.

Da littafin ya fito ranar 21 ga Yuli, 2007, an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka kaɗai cikin sa'o'i 24. Regulus ne R.A.B., Snape na Dumbledore ne saboda son da yake yi wa mahaifiyar Harry, tabon ma an canka daidai. A ganina wannan yabo ne ga marubuciyar, domin ta shuka alamominta da gaskiya, ba ta yaudari kowa ba. Inda ta sha gaban kowa shi ne abubuwa ukun da sunan littafin ke nufi: sanda, dutse da alkyabbar ɓata, alhali alkyabbar tana hannun Harry tun littafi na farko. Ta kuma daɗe tana cewa kalmar ƙarshe a labarin "tabo" ce, amma da masu karatu suka kai shafin ƙarshe, sai suka tarar ta canza ta.