Mene ne "koyo a aikace"?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Masana ilimi sun ƙara gaba kaɗan, suka ce yi ma ya kori gani. Abin da suke kira koyo a aikace, ko ilimin gogewa, shi ne a fitar da ɗalibi daga aji ya je ya taɓa aiki da hannunsa, sannan ya dawo ya zauna da malami su tantance abin da ya gani da inda ya yi kuskure. Wannan dawowar ita ce ƙashin bayan tsarin. Idan babu ita, ƙwadago kawai aka yi.

Wanda ya fi nuna ma'anar kalmar a rayuwarsa shi ne Arthur Morgan, injiniyan ruwa ɗan Amurka, wanda ko digiri bai kammala ba. A fagen aiki ya koyi sana'arsa. Bayan ambaliyar da ta cinye birnin Dayton a jihar Ohio a 1913, shi aka ɗora wa nauyin tsara madatsun ruwa biyar da za su kare garin. Daga nan, a 1920, aka ba shi shugabancin Kwalejin Antioch, makarantar da ke dab da durƙushewa saboda rashin kuɗi da ƙarancin ɗalibai. Shekara ba ta zagayo da nisa ba ya sauya mata fasali: ɗalibi ya yi makonni yana karatu, ya yi wasu makonnin yana aiki na albashi a masana'anta ko asibiti ko ofis, haka har ya gama.

Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Herman Schneider ya fara ta a Jami'ar Cincinnati tun 1906, amma ga masu karatun injiniya. Abin da Morgan ya ƙara, wanda a ganina ya fi wuya, shi ne ya ce mai karanta tarihi ko falsafa ma sai ya fita. A 1933 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya ɗauke shi ya jagoranci hukumar raya kwarin Tennessee.

A Najeriya, shirin SIWES na tura ɗaliban manyan makarantu su koyi aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) ta kafa a 1973, ɗan uwan wannan tsari ne. Sai dai duk ɗalibin da ya cika littafin rahotonsa a dare ɗaya, ya kai aka buga masa hatimi, ya je wurin aiki ne kawai ya dawo.